Yadda ake gano furotin da ke juya akalar ƙwayoyin gado a fata da nono

A jikin mace mai jego, sel ɗin da ke yin kanta a dunduniyarta da sel ɗin da ke tsatso da nono a ƙirjinta DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi. Ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu yin furotin suna cikin wannan, suna cikin wancan. Abin da ya raba su shi ne waɗanne ake kwafewa zuwa RNA, wato saƙon da ake bi a yi furotin, waɗanne kuma aka bari a rufe. Masu yanke wannan hukunci wasu furotin ne da ke shiga cibiyar sel su zauna a kan DNA, kowanne a kan wani gajeren jerin haruffa da ya sani, daga nan su jawo injin kwafi ko su tare masa hanya. Ɗan Adam yana da kusan 1,600 daga cikinsu. A nan zan riƙa ce musu masu sarrafawa.

Ina koyar da wannan fanni, ina kuma duba aikin ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, kuma abin da na fi cin karo da shi hadda ce. Ɗalibi zai jero maka sunayen masu sarrafawa irin su p63, GATA3, STAT5 da ELF5 ba gargada. Ka tambaye shi yadda aka yi aka san GATA3 ne ke wannan aiki ba wani na kusa da shi ba, sai ido ya raina fata. Don haka ba jerin sunaye zan ba ka ba. Tambayoyin da ake yi ɗaya bayan ɗaya zan nuna maka, da inda kowacce take yaudarar mutum.

Ka san naman kafin ka nemi furotin

Saman fata hawa-hawa ne. A ƙasa akwai layin sel guda ɗaya da ke rarrabuwa, masu yin keratin 5 da 14, wasu nau'o'in furotin da ke ƙarfafa sel. Sel ɗin da ya bar wannan layi ya hau sama yakan daina rabuwa, ya rufe waɗancan ya buɗe keratin 1 da 10. Ya ƙara hawa, ya fara yin filagirin da lorikirin, a ƙarshe ya zubar da cibiyarsa ya zama busasshen ɓawon da ke hana ruwan jiki tsiyayewa. Elaine Fuchs da Howard Green ne suka nuna wannan sauyin keratin a 1980. Ka riƙe waɗannan lambobi da kyau, domin da su za ka riƙa gane hawan da sel yake.

Shi kuwa nono fata ce da ta nutsa ciki. A ɗan tayin ɓera, wanda cikinsa bai wuce mako uku ba, wajen kwana goma da rabi ake ganin wani layi a kowane gefen jiki tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Kwana ɗaya bayan nan fatar ta yi kauri a wuri biyar a kowane gefe, kowane kauri ya lotsa cikin naman da ke ƙasa, ya fitar da ɗan bututu mai rassa kaɗan. A mutum wuri ɗaya ne ke tsayawa a kowane gefe, shi ya sa idan ka ga mai ƙarin kan nono, a kan wannan layi za ka same shi, daga hammata zuwa matsematsi. Bututun kansa hawa biyu ne: sel na ciki masu keratin 8 da 18, waɗanda daga cikinsu ne masu yin nono ke fitowa, da sel na waje masu keratin 5 da 14, masu matse bututun idan jariri ya kama. Ka lura, na wajen nan keratin ɗinsu ɗaya da na ƙasan fata. Asalinsu ne bai ɓuya ba.

Akwai wani abu da ya bambanta nono da yawancin gaɓoɓi. Mafi yawan gininsa bayan haihuwa ake yi. Ɗan bututun nan yana nan kwance har yarinya ta fara ƙirgar dangi, sannan ya miƙe ya yi rassa. Da ciki ya shiga, 'yan jakunkunan da ke tara nono su tsiro a jikin rassan. Bayan yaye a rushe yawancinsu. Kowane zango da masu sarrafawarsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka furotin kaza yana sarrafa nono, ka tambaye shi a wane zango.

Yana ina, kuma a wane ɓangaren sel?

Aikin farko rini ne. Ana yanka naman da aka daskarar a kakin farafin siriri, kaurin maikiron huɗu ko makamancin haka, a shimfiɗa a gilashi, a zuba antibodin da ke kama furotin ɗin da kake nema, sannan a sa sinadarin da ke barin launin ruwan ƙasa a duk inda antibodin ya kama. Ka sa fatar da aka rina don p63 a ƙarƙashin madubi, za ka ga cibiyoyin layin ƙasa sun yi ruwan ƙasa jere, launin yana dushewa kana hawa sama, har ya ɓace kafin ɓawo. Ka sa nono, za ka ga ɗige-ɗige sun kewaye kowane bututu ta waje, na ciki kuwa shuɗi kawai. Ka canza zuwa GATA3, hoton ya juye: na ciki su ɗauki launi, na waje su ƙi.

Ga tarkon da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna cikinsa. Baƙar fata cike take da melanin a daidai wannan layi na ƙasa, kuma melanin a madubi ruwan ƙasa ne, kusan launi ɗaya da rinin. Na sha ganin ɗalibi yana murna ya samu sakamako, alhali launin fatar mai naman yake ƙirgawa. Melanin tsaki-tsaki yake, a wajen cibiya, sau da yawa ya taru a samanta. Mai sarrafawa kuwa cikin cibiyar yake cikawa sumul. In kana da hali ka nemi sinadarin rini mai ba da ja. In babu, ka ajiye gilashi ɗaya da ba ka zuba wa antibodin farko ba, duk ruwan ƙasan da ka gani a kansa ba naka ba ne.

Sannan ka san wane p63 kake kallo. Ƙwayar gadon tana da mafarin kwafi biyu, don haka tana fitar da dogo mai suna TAp63 da gajere mai suna ΔNp63, kuma gajeren ne ya cika layin ƙasan fata. Tsohon antibodin 4A4 yana kama duka biyun. Wanda ake kira p40 gajeren yake nema.

Kasancewar furotin a sel kuma ba ya nufin yana aiki. STAT5 na iya zama a wajen cibiya ba ya komai, sai furolaktin, homon ɗin da ke sa nono ya zo, ya sauka a bayan sel, wani furotin mai suna JAK2 ya manna wa STAT5 fosfet, sannan ya haɗu da ɗan'uwansa su shiga ciki. Idan ka auna yawansa kawai ba ka duba ko ya shiga cibiya ba, ba ka auna aikinsa ba.

Kafin in bar rini, bari in yi ƙorafin da na saba. Masu karɓar estirojin da furojestaron, waɗanda likitoci ke rubutawa ER da PR, su ma masu sarrafawa ne, kuma da sakamakonsu ake yanke shawarar ba mai cutar dajin nono magani irin tamoksifen. Ƙa'idar ita ce nama ya shiga fomalin, ruwan da ke hana shi ruɓewa, cikin awa ɗaya da cire shi, ya zauna awa 6 zuwa 72. Na ga ƙulli an kawo daga wani asibiti a ruwan gishiri, na ga babba an cusa shi a 'yar kwalba da fomalin bai rufe shi ba, ba a ma tsaga shi ba. Irin wannan nama tsakiyarsa kan lalace, furotin ɗin ya ɓace, a rubuta babu ER alhali akwai. Ka duba bututun lafiya da ke gefen ƙullin. Idan su ma ko sel ɗaya bai ɗauki launi ba, kada ka yarda da gilashin.

Cire shi ka ga abin da zai rushe

Nan ne ainihin hujja take, kuma nan zan daɗe. A 1999 ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Frank McKeon a Harvard da na Allan Bradley a Baylor inda Alea Mills ta jagoranci aikin, suka fitar da ɓerayen da aka kashe musu p63. An haife su babu fata mai hawa-hawa, babu gashi, babu haƙora, babu nono, ƙafafu guntaye ko babu su sam, kuma suka mutu jim kaɗan saboda ruwan jikinsu ya ƙafe. Ɓera iri ɗaya, amma fassara biyu. Ɓangare ɗaya ya ce fatar ta fara ginuwa sai sel masu sabunta ta suka ƙare. Ɗaya ɓangaren ya ce ba ta ma taɓa ɗaukar hanyar zama fata ba. An yi shekaru ana wannan ja-in-ja. Ina kawo wannan ne don ka san cewa cire furotin yana gaya maka ana bukatarsa, amma ba ya gaya maka me yake yi.

Abin da zai taimake ka shi ne duba inda ginin ya tsaya. Ɓeran da ba shi da LEF1, wanda aka bayyana a 1994, yana da fata, amma ba gashin baki, ba haƙora, ba nono: matsalarsa a wajen tsirar abubuwan da ke fitowa daga fata take. Wanda ba shi da KLF4, aikin Julie Segre a ɗakin Fuchs a 1999, fatarsa a ido lafiya lau, duk hawan suna nan, amma ba ta riƙe ruwa, ya mutu cikin sa'o'i. Haka na GRHL3, wanda ɗakin Stephen Jane a Ostareliya ya bayyana a 2005, shingen fatarsa bai kammala ba, rauninsa kuma ba ya rufewa. Gwajin shingen mai sauƙi ne: a tsoma ɗan tayin da ya kusa haihuwa a shuɗin rini. Mai lafiya ya fito fari, wanda shingensa ya lalace ya fito shuɗi. Da ka jera waɗannan huɗu, ka ga p63 a tushe, LEF1 a wajen tsiro, KLF4 da GRHL3 a rufin ƙarshe.

Wani lokaci ɗan tayin yakan mutu tun kafin nono ya samu. Ɓeran da aka cire wa GATA3 gaba ɗaya a tsakiyar ciki yake mutuwa. Maganin wannan shi ne tsarin Cre da lox: a kewaye ƙwayar gadon da alamomi biyu, a sa almakashin Cre a ƙarƙashin ikon wata ƙwayar gado da ke aiki a nama ɗaya kawai. K14-Cre yana yanka a fata da nono tun a ciki. MMTV-Cre ya fi aiki a bututun nono. WAP-Cre sai ƙarshen ciki da shayarwa yake tashi. Ta haka ɗakin Zena Werb a San Francisco a 2006, da na Jane Visvader a Melbourne a 2007, suka nuna cewa idan babu GATA3 bututun ba ya miƙewa a balaga, sel na ciki kuma ba sa nuna. Kullum ka karanta wane Cre aka yi amfani da shi kafin ka karanta sakamakon, domin shi ne ke faɗa maka yaushe aka yi yankan.

Ga yadda ake duba nonon ɓera, in ka samu dama. Ana ɗaukar na huɗu, na wajen mara, a shimfiɗa kitsen gaba ɗaya a gilashi, a rina da jan kamin, a wanke kitsen har ya zama garau. A tsakiyarsa akwai kaluluwa guda, baƙa-baƙa, ita ce ma'auninka. A 'yar mako uku bututun bai kai gare ta ba. A 'yar mako shida ya kai ko ya wuce ta, kuma bakin kowane reshe ya kumbura, nan ne ake rabuwa ana kutsawa gaba. A wajen mako goma rassan sun kai ƙarshen kitsen, kumburin ya ɓace. Da wannan ma'auni kaɗai za ka iya karanta tarihin fannin. Babu ER, kamar a ɓeran da Kenneth Korach da abokan aikinsa suka yi a 1993, bututun yana nan inda aka haife shi ko da ɓeran ta girma. Babu PR, aikin John Lydon da Bert O'Malley a 1995, bututun ya miƙe amma ba ƙananan rassa, ba jakunkuna. Babu STAT5A, daga ɗakin Lothar Hennighausen a 1997, uwa ta haihu amma ba ta iya shayarwa. Babu ELF5, jakunkunan ba sa samuwa. Babu STAT3, an yaye 'ya'ya amma rushewar ta yi jinkiri.

Sai dai akwai tambayar da mai hankali zai yi: ɓeran da ba ta da PR ai ba ta ma yin ƙwai balle ciki, to ta yaya aka san laifin a nono yake ba a homon ɗin jini ba? Amsar tsohuwar dabara ce ta K. B. DeOme a Berkeley tun 1959. A ɓera 'yar mako uku, a yanke ɓangaren kitsen da ke tsakanin kan nono da kaluluwa, sauran ya zama fili babu bututu. A dasa ɗan guntun bututun da ake gwadawa a gefe ɗaya, na lafiya a ɗaya gefen. Jini ɗaya, homon ɗaya, ciki ɗaya. Duk bambancin da ka gani daga bututun ne.

Wannan dabara ce ta tona wani abu da ke ba ɗalibai mamaki. Ɗakin Cathrin Brisken a Lausanne ya gauraya sel marasa ER da masu shi, aka dasa, sai ga marasa ER suna rabuwa suna shiga ginin bututu kamar kowa. Ashe sel mai ER ba lallai shi ne mai rabuwa ba. Shi dai yana jin estirojin, ya buɗe ƙwayar gadon amfiregulin, furotin mai kai saƙo, ya fitar da shi waje, maƙwabta su amsa. PR ma haka yake yi ta hanyar RANKL da WNT4. A lafiyayyen nono yawancin sel masu rabuwa ba su da ER. Don haka inda ka ga sakamako ba lallai nan mai sarrafawar yake zaune ba.

A mutum ba a yin irin wannan gwaji, amma asibiti yana nuna shi. Canji a kwafi ɗaya cikin biyu na TP63, ƙwayar gadon da ke yin p63, yana kawo yaro mai tsagaggen tafin hannu ko ƙafa, tsagewar leɓe da ganda, ƙarancin gashi da matsalar haƙora, abin da masu bincike a Nijmegen ta Holan suka danganta da wannan ƙwayar gado a 1999. Wasu canje-canjen nata suna zuwa da nono ko kan nono da bai samu ba. Canji a TBX3, wanda aka gano a 1997, yana haɗa nakasar ƙashin hannu ta gefen ƙaramin yatsa da rashin girman nono. Canji a IRF6 yana kawo tsagewar leɓe da 'yan ramuka a leɓen ƙasa. Idan abin da ka gani a ɓera ya yi daidai da abin da ake gani a jariri, hujjarka ta yi ƙarfi.

Da hannunsa yake taɓa DNA ɗin, ko aike yake yi?

A ce ka cire furotin, ƙwayoyin gado ɗari biyar suka sauya. Kaɗan ne daga ciki yake taɓawa da kansa. Sauran sun sauya ne domin wani da yake kunnawa ya mutu, ko domin naman gaba ɗaya ya rikice.

Ɗalibi yakan buɗe jerin DNA, ya ga haruffan da furotin ke so kusa da ƙwayar gado, ya ce ya gama. Yi lissafin da kanka. GATA3 yana son A ko T, sai GATA, sai A ko G. Haruffa huɗu na tsakiya za su zo bisa sa'a sau ɗaya cikin 256. Na gefe biyu kowanne rabi ne, ka ninka sau huɗu, ya zama sau ɗaya cikin 1,024. DNA ɗin mutum haruffa biliyan uku ne. Ke nan wurin zama miliyoyi, alhali a sel na gaske dubbai ne zuwa dubun-dubata ake samunsa a kai. Ganin haruffan ba komai ba ne. ER yana son GGTCA, haruffa uku ko waɗanne, sai TGACC. STAT5 yana son TTC, uku, sai GAA. Ka san su, amma kada ka kafa hujja da su.

Hujjar ita ce gwajin ChIP. A zuba wa sel masu rai fomaldihaid kashi ɗaya cikin ɗari na kamar minti goma, ya ɗaure kowane furotin a inda yake zaune. A farfasa DNA ɗin da girgizar sauti zuwa guntaye masu haruffa ɗari biyu zuwa ɗari biyar. A sa antibodi ya jawo furotin ɗinka tare da guntun da ke manne da shi, a kwance ɗaurin, a karanta guntayen. Dole ka ajiye wani kaso na DNA ɗin da ba a jawo ba don kwatanci, domin wasu wurare suna fitowa da yawa ko da wane antibodi ka sa.

Da Jason Carroll da Myles Brown suka yi wa ER wannan a MCF-7, sel ɗin dajin nono da ake rainawa a ɗakin bincike, a 2005 da 2006, sai aka ga ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na wuraren zamansa ne ke dab da mafarin ƙwayar gado. Sauran suna can nesa, wasu da tazarar haruffa dubun-dubata, DNA ɗin ne ke lanƙwasowa ya haɗa su. Saboda haka kada ka ɗauka ƙwayar gadon da ta fi kusa ita ce ake sarrafawa. Hanyar da na fi yarda da ita yau ita ce a yanke wurin zaman da CRISPR, almakashin da ke yanka DNA a inda ake so, a bar furotin ɗin lafiya. In kwafin ƙwayar gadon ya faɗi, ka kama shi. Tsohon gwajin da ake ɗaura guntun DNA a gaban ƙwayar gadon lusifares, furotin mai ba da haske, a auna hasken yana da amfani, amma ina ɗaukarsa shaida mai rauni, domin guntun tsirara yake, ba a naɗe yake yadda yake a cikin kuromosom ba.

Lokaci ma shaida ne. Idan za ka gwada estirojin a MCF-7, ka fara ajiye sel ɗin kwana biyu ko uku a ruwan da ba shi da jan fenol, da ruwan jinin da aka tace da gawayi, domin tun 1986 aka gano jan rinin nan na iya yin aikin estirojin kaɗan-kaɗan. Ka zuba homon, ER ya hau DNA cikin ƙasa da awa ɗaya. Ƙwayoyin gado irin TFF1 da GREB1 su tashi cikin 'yan sa'o'i. Abin da bai motsa ba sai washegari, mai yiwuwa na hannu na biyu ne. A sel ɗin fata kuwa kalsiyam ne abin wasan: a ƙarancinsa suna ta rabuwa, ka ɗaga shi su fara hawa matakan nan, kai kuma ka riƙa ɗiban RNA kana ganin wa ya riga wa. Da irin wannan bibiya ɗakin Paul Khavari a Stanford ya nuna a 2012 cewa p63 yana kunna ZNF750, shi kuma ZNF750 ya kunna KLF4.

Su wa ke tare da shi?

Komawa ga miliyoyin wuraren nan: me ya sa furotin ke zama a wasu ya bar wasu? DNA ɗin sel ɗaya ya kai mita biyu, an naɗe shi a jikin furotin histon, haruffa 147 a kowane naɗi, kuma yawancin masu sarrafawa ba sa iya kama abin da ke naɗe. Akwai 'yan kaɗan masu iyawa, irin FOXA1. Shi ne mai sassabe, ER mai shuka: inda ba a sare kurmin ba iri ba ya sauka, komai yawansa a hannu. An rage FOXA1 a sel ɗin dajin nono, sai ER ya kasa hawa yawancin wurarensa duk da estirojin na nan. A sel ɗin fata p63 yana yin makamancin wannan aiki na buɗe wuri.

Wannan ne ya sa ba na yarda ɗalibi ya rubuta aikin GATA3 kaza ne ya sa aya. A nono yana tare da FOXA1 da ER yana tsare sel na ciki. A tushen gashi yana gina kuben ciki da ke riƙe silin gashin, kamar yadda ɗakin Fuchs ya nuna a 2003. A jini yana tura wasu sel na garkuwar jiki su zama nau'in Th2. Mutumin da aka haifa da kwafi ɗaya mai aiki kuwa kurumta da matsalar ƙoda da ƙarancin kalsiyam yake fama da su. Furotin ɗaya ne, haruffan da yake so ɗaya ne, filin da aka buɗe masa da abokan zamansa ne suka bambanta.

A ƙwayar gadon kasin, furotin ɗin nono, STAT5 yana aiki tare da mai karɓar kotisol da C/EBPβ, furojestaron kuma yana danne aikin muddin ciki na nan. Da mabiyiya ta fita furojestaron ya faɗi, dannewar ta tashi, shi ya sa dakashi ke fara zuwa, nono sosai ya biyo bayan kwana biyu zuwa uku. Idan guntun mabiyiya ya maƙale a mahaifa, nonon kan yi jinkiri. Ungozoma ta san alamar, kai kuma yanzu ka san wanda aka danne.

Gwaji na ƙarshe shi ne a sa furotin ɗin inda ba ya nan. Ɗakin Christopher Ormandy a Sydney ya tilasta ELF5 a nonon ɓerar da ba ta taɓa ciki ba, sai ga jakunkuna da furotin ɗin nono sun bayyana. Kaɗan ne ke cin wannan jarrabawa su kaɗai, don haka in naka bai ci ba, ba yana nufin ba shi da muhimmanci ba.

In ba ka da ɓera, ba ka da injin karanta DNA

Yawancinmu haka muke, kuma rabin aikin nan ana yinsa da kwamfuta da data. Shafin intanet na Human Protein Atlas na Suwidin kyauta ne: rubuta TP63, buɗe hoton fata da na nono, ka ga rinin da na kwatanta da idonka. JASPAR zai ba ka haruffan da kowane mai sarrafawa ke so. A UCSC Genome Browser ka rubuta TFF1, ka kunna layukan ChIP na ENCODE, ka ja hoton baya har ka ga haruffa dubu ashirin a kowane gefe. Nemi inda ER da FOXA1 da GATA3 suka taru a sel ɗin nono irin MCF-7 ko T-47D. Za ka ga tari ɗaya a bakin ƙwayar gadon, wani kuma can sama da ita da tazarar kusan haruffa dubu goma. Sannan ka duba wuraren nan biyu a wani sel da ba na nono ba, kamar K562 na jini, ka rubuta a littafinka abin da ya rage a wurin da abin da ya ɓace.